Wanda Zai Wanke Kawu

Da sunan Allah mai rayarwa, mai kashewa, wanda gare shi kowa zai koma.

A shekarar da babban cocin nan na tsakiyar Paris ya kama wuta, duniya ta zuba ido a talabijin tana kallon hasumiyarsa ta karye ta faɗa cikin hayaƙi, a shekarar ne Kawu ya rasu. Gobarar ta riga, shi ya biyo baya ba da nisa ba, sannan azumi ya shigo. Yayan mahaifiyata ne, mutumin Damagaram, kuma shi ya riƙe ni tun ranar da na sauka ƙasar nan. Ya cika a gidansa na Rillieux, arewa da Lyon, da hantsi, yana zaune a kujerarsa. Ina rubuta wannan ne don na ga an fara ba da labarinsa gutsure-gutsure, kowa da gutsuren da ya yi masa daɗi, kuma ina tsoron jikokinsa su tashi da abin da bakin mutane ya bari kawai.

Kafin azahar gidan ya cika. An ture kujerun falo jikin bango, an shimfiɗa darduma, maza suka zauna a nan, mata suka shige ɗakin Inna, matarsa, har suka malala zuwa gidan maƙwabciya. 'Yan Nijar na Lyon sun zo, 'yan Cadi sun zo, da mutanen Garwa da Marwa masu aikin gadi da tuƙi. Ni da na zauna bakin ƙofa ina karɓar gaisuwa, na lura addu'ar iri biyu ce. Wasu su ce, “Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta,” su shafa. Wasu kuma su ce, “Allah ya sa ya cika da imani,” su ja kalmar ƙarshe, su ɗan dubi na kusa da su.

Wani dattijo mai sayar da nama ya sunkuya wajen kunnen maƙwabcinsa, amma muryarsa ba ta iya raɗa ba. Ya ce, “Ran da cocin nan ya ƙone, ka san abin da ya tambaya? Wai abin kiɗan da ke ciki ya tsira? Mutum da furfura har a gira.”

Ina wurin ran nan. Kawu ya fara tambayar ko an rasa rai, sannan ya tambayi abin kiɗan. Amma wanda ya ɗauko labarin ya yar da rabin farko a hanya.

Bayan la'asar aka ƙwanƙwasa ƙofa. Wata tsohuwar Baturiya ce, siririya, cikin baƙaƙen kaya, ta goyo wani akwati mai wuya da ƙugu kamar mutum, ya kusa kai ta tsawo. Ta tuɓe takalmi ba wanda ya ce mata, ta jingina akwatin a lungu, ta tambaye ni ina Inna. Babban goge ne a ciki, irin wanda ake zama a rungume shi tsakanin gwiwoyi. A ɗaki ta riƙe hannun Inna ta yi kuka, sannan ta ce abokan aikin marigayi suna roƙon a bar su su yi masa ɗan kiɗa a maƙabarta.

Inna ta ce, “Madam, mun gode, Allah ya saka. Mu namu ba a yi masa kiɗa. Zauna ki sha ruwa.”

Iyakar abin da aka yi ke nan. Amma kafin maganar ta ƙetare zuwa falo ta zama wai Kawu ne ya bar wasiyya a yi masa goge a bakin kabari.

A cikin wannan hali limamin unguwa ya leƙa ya ce kamfanin jana'iza sun ba da safiyar Alhamis, kuma suna da mai wanka nasu. Inna ta amsa daga bayan labule, da muryar da kowa ya ji.

“Ba mai taɓa shi sai Yaya.”

Maza suka dubi juna. Yayan nata shi ne wanda muke kira Baban Barbès, saboda shagonsa na shadda da turare da ke unguwar Barbès can Paris. Tun suna samari shi da Kawu ɗaki ɗaya suka zauna a gidan ma'aikata, suna dakon kaya a kasuwar Rungis, kuma ta wannan zaman ne Kawu ya auri ƙanwarsa. A lokacin wani ɗan Cadi na ɗakin kusa da nasu ya mutu, ba dangi, ba wanda ya iya wanka a cikinsu. Gawar ta daɗe a firjin asibiti, daga ƙarshe wasu da ba su san ko sunansa ba suka wanke shi a gurguje. Abin ya tsaya wa su biyun a rai. Suka nemi wani tsohon malami ɗan Garwa ya koya musu wankan gawa tun daga niyya har ɗaurin likkafani, suka yi alkawari a gabansa aka shafa fatiha: duk wanda ya riga, ɗayan ne zai wanke shi da hannunsa. Kowa a falon ya san wannan alkawari. Kowa kuma ya san mutanen biyu ba su ƙara magana ba tun shekarar zafin nan da ya kashe tsofaffi da yawa a Faransa. In Baban Barbès ya ƙi zuwa, to ya yanke wa Kawu hukunci ke nan a gaban jama'a, kuma ba wanda zai iya goge shi.

Sai na koma baya in faɗi abin da ya raba su, kuma ba zai faɗu ba sai na faɗi aikin Kawu.

Bayan bayansa ya gaji da dakon Rungis, ya koma Lyon ya sami aiki wurin wata ƙungiyar makaɗan Turawa, irin masu tara mutum da yawa a kan dandamali ɗaya, da goge manya da ƙanana, da sarewa, da algaita, da kakaki, da tambura. Shi ba ya kiɗa. Aikinsa ya jera kujeru da ƙarafan da ake ɗora takardun kiɗa, ya loda kayan a kamyo, babbar motar kaya, in za a yi tafiya, ya sauke, ya sake jerawa. Yana sa baƙin wando da baƙar riga kamar su, amma da hularsa ta Damagaram a aljihu. A ƙarƙashin kowace kujera yana manna 'yar takarda ya rubuta mai ita da ajami, ba da sunan yanka ba, da sunan da shi ya raɗa musu: Mai Tari, Doguwa, Sarkin Fushi, Ba Ya Gaisuwa. Shekara da shekaru suna zaune a kan laƙabinsu ba su sani ba.

Wata rana na taya shi ɗaukar wani ƙaramin akwatin goge, na riƙe shi da hannu ɗaya ina lilo da shi. Ya daka mini tsawa. “A hankali, ya girmi kakanka!” Wannan magana ta zauna masa a baki. Ko tulun shayi ka ɗauka da garaje sai ya ce ya girmi kakanka.

Salla ba ta wuce shi a wurin aiki, wannan na gani da idona. Yana da lungunsa a bayan dandamali tsakanin manyan akwatuna. In kuwa a coci za a yi wasan, don sukan yi a coci saboda yadda murya ke tashi a ciki, sai ya fita ya shimfiɗa sallayarsa a cikin kamyo. To amma mutane ba cikin kamyo suke gani ba. Abin da suke gani shi ne Kawu ranar Lahadi da baƙaƙen kaya yana shiga coci yana fita.

Tsohuwar nan mai babban goge, ga yadda ta zama tamu. Mijinta ya rasu, Kawu ya je yi mata gaisuwa washegarin binnewa, ya tarar da ita ita kaɗai da kyanwa. Ya dawo gida ransa a ɓace. Ya ce wa Inna, “A ce mace ta rasa miji, ba mai zama da ita? Ɗora tukunya.” Suka ɗauki shinkafa da miya, suka ja ni, muka je muka zauna mata zaman makoki irin namu. Ba ta san me za ta yi da mu ba. Ta kawo kofi, muka sha, muka ci gaba da zama. Da yamma ta tambaya cikin ladabi ko akwai abin da muke jira. Kawu ya ce, “Babu, Madam. Zaman ne gaisuwar.” Washegari da muka koma, mun tarar ta buɗe ƙofa tun kafin mu ƙwanƙwasa. Wannan ma da labarin ya shiga unguwa, cewa aka yi Kawu yana zuwa gidan wata Baturiya, aka manta da Inna da tukunyarta.

Baban Barbès yana jin duk waɗannan maganganu a shagonsa, don duk wanda ya sauka daga Lyon sai ya biya ta can. Da farko tsokana yake yi, in Kawu ya kira waya ya ce, “Malam Goge, ya aka ji da 'yan bori?” Kawu ya ce, “Suna gaishe ka, sun ce turarenka jabu ne.” Amma a hankali tsokanar ta fara nauyi. Saboda haka da makaɗan suka zo yin wasa Paris, bayan zafin nan ya wuce, Kawu ya samo mana tikiti biyu, ni da Baba, don a lokacin ina Paris. Ya ce, “Zo ka gani da idonka, Alhaji, ka huta da jin na bakin mutane. Ba rawa, ba giya, ba komi.”

Ranar Lahadi ce da rana. Baba ya sa farar shadda, ya cika aljihu da goro, har da 'yan canji na liƙi, wai kada ya kunyata surukinsa a gaban makaɗansa. Muka shiga wani babban zaure mai jan kujeru hawa-hawa. Ya yi sallama da ƙarfi, ba wanda ya amsa. Wurin zamanmu yana gefe, kusa da dandamali, ta yadda muna hango wata 'yar ƙofa da makaɗa ke fitowa.

Suka fito suka zauna. Bayansu maza da mata suka jeru sahu-sahu, kowa da littafi a hannu. Mai algaita ya busa murya ɗaya doguwa, sauran duka suka bi shi suna daidaita nasu. Baba ya ce mini, “An fara?” Na ce tukuna. Sai wani mai farin gashi ya fito da ɗan tsinke a hannu, aka yi tafi, ya juya wa jama'a baya, ya ɗaga hannu. Zauren ya mutu. Baba ya ɓare goro ya gatsa, wata mata a gabanmu ta juyo ta dube shi har sai da ya daina tauna.

Ba zan iya kwatanta abin da ya biyo baya ba, ni ba ma'abocinsa ba ne. Ya fara ƙasa-ƙasa kamar ana gunji a cikin rijiya, sannan muryoyin mazan suka shiga, na matan suka hau kansu, har na ji kujerata tana rawa. Wani wuri ya yi tsawa, wani wuri ya koma kamar uwa tana lallashin jariri. Abin da na fi lura da shi shi ne Baba. Yana ta waige-waige yana neman inda za a tashi rawa, ko a yi guɗa, ko wani ya fito ya yi kirari. Babu. Mutum ɗari-ɗari zaune, wasu sun rufe ido, wasu sun sunkuyar da kai, mai tari yana danne shi da hankici har wuyansa ya kumbura. Na ga hannun Baba ya fita daga aljihun liƙi ya koma kan tasbaharsa. Can sai ya taɓa ni da gwiwar hannu, ya nuna mini 'yar ƙofar nan da haɓa. An bar ta a ɗan buɗe. Kawu yana tsaye a ciki, ya harɗe hannuwa a ƙirji, idonsa a rufe, hawaye na bin gemunsa.

Baba bai yi tafi ba. Muka jira Kawu a bakin titi, wajen kamyo. Ya fito da fara'a yana goge hannu.

“To, Alhaji? Ka ga 'yan borin?”

Baba ya ce, “Da na tarad da rawa, da mata suna juyi, da kwalabe a ƙasa, wallahi da hankalina ya kwanta. In ce surukina yana cin abinci a gidan saɓo, Allah ya shirye shi ya shirye mu. Amma wanga ba wasa ba ne. Ga liman a gaba, ga sahu, ga littafi hannun kowa, ba mai motsi, ba mai tari. Ka kai ni wurin ibadar mutane, ka ce mini kiɗa ne?”

Kawu ya yi dariya. “Wane liman, Alhaji? Shef ne, shugaban makaɗa. Albashi yake ɗauka kamar ni, kuma ya fi kowa zagi.”

“Mi suke faɗi a waƙar?”

“Latinanci ne. Ni ma ba na ji.”

“Ba ka ji, kana kuka.”

Dariyar Kawu ta tsaya.

Baba ya matso har rigunansu suka haɗu. Ya ce, “Na gan ka. Tun muna samari muke salla kafaɗa da kafaɗa, mun yi tahajjudi tare, mun tsaya Arfa tare, ban taɓa ganin ɗigon hawaye a idonka ba. Yau mai goge ya fiddo su. Faɗa mini mi ka ji, in tahi gida da kwanciyar rai.”

Na zuba wa Kawu ido ina roƙon Allah ya ce ƙura ce ta shiga idonsa, ko ya tuna mahaifiyarsa ne. Kowace ƙarya da ta wadatar. Ya dubi ƙasa ya ce, “Ban sani ba, Alhaji.”

Baba ya ce, “To ni na sani.” Ya juya ya nufi tashar jirgin metro.

Daga ran nan bai ƙara ɗaukar wayar Kawu ba. Naman layya da Kawu ya aika masa ya dawo da shi yadda aka ƙulle shi. Bikin 'yar Kawu kam ya halarta, don 'yar ƙanwarsa ce, amma da lokacin salla ya yi sai ya fita ya yi tasa shi kaɗai. A ɗakin sallarmu na Rillieux, da can in liman ba ya nan Kawu ake turawa gaba, don karatunsa mai kyau ne. Ba wanda ya ce masa ya daina. Sai dai in an ta da iƙama wani ya yi sauri ya shige gaba. Kawu ya gane, ya koma ƙarshen sahu wajen takalma, can ya zauna har ƙarshen ransa, kuma bai fasa zuwa asuba ba ko ran da ƙanƙara ta rufe hanya.

Masu kare shi, har da ni, muna cewa lalurar aiki ce, mutum da iyali. Sai ya yi ritaya, ya ƙwace mana wannan hujja. Ya ci gaba da zuwa, yanzu da tikitin da ya saya da kansa, da hularsa a kai, a kujerar can sama mai araha. Wata rana na tare shi a bakin bas na ce, “Kawu, don Allah, me kake samu a wurin nan da ya kai ka rasa Baba?”

Ya ce, “Kai ma? Da na san sunansa da na faɗa wa Alhaji tuntuni mun huta. Ina shiga da la'ilaha illallahu, ina fitowa da ita. Abin da ke faruwa a tsakani, ban iya faɗinsa ba.” Bas ta zo ya shiga.

Ni ba ni da fatawa a kan wannan. Na yi karatun allo, na san abin da malamai suka faɗa game da goge, kuma ban taɓa komawa zauren nan ba. Abin da na gani kawai nake faɗa.

Washegarin rasuwar Inna ta kira ni ɗaki ta ce waya ba za ta yi ba, in hau jirgin ƙasa in je in same shi. Na tarar da Baba a shago, ƙarƙashin gadar metro, jirgi na wucewa a sama kwalaben turare suna kaɗawa. Ya tsufa ƙwarai. Muka gaisa doguwar gaisuwa, ya tambayi Inna, ya tambayi yara, ya yi mini gaisuwar rashi kamar wanda ya rasa wani baƙo. Sannan ya sallami mai sayen da ke ciki ya ja ƙofa.

“Wa ke wurin da ya cika?”

“Ba kowa, Baba. Inna tana kicin.”

“To ba wanda ya ji shahadarsa.”

“Babu.”

“Tasbaha tana hannunsa?”

“Tana kan tebur kusa da shi.”

“Kan tebur.” Ya gyaɗa kai. “Gidan shiru?”

Na so in ce shiru. Na ce, “Rediyo tana kunne.”

“Karatu?”

“A'a. Irin kiɗan nasu.”

Ya rufe ido. Jirgi ya sake wucewa a sama. Ya ce, “Ka ga ni ba mugu ba ne. Wanka shaida ne. In na sa hannu, na ce wa jama'a na san mutumen nan, na san inda ya dosa. Ni kuwa ban sani ba. Kullum ina jira ya kira ya ce Alhaji na bari. Bai bari ba har rediyo ta raka shi.”

Na ce, “Inna ta ba ni saƙo. Ta ce ba ta roƙe ka ka yarda da shi ba. Ta ce in tambaye ka abu ɗaya. Ranar da kuka shafa fatiha gaban malamin Garwa, kun sa sharaɗi?”

Ya miƙe tsaye. “Ita za ta koya mini addini? Yarinyar da na goya? Tashi ka kama jirginka.”

Na koma Lyon ba amsa. Inna ta ji, ta ce, “To.”

Safiyar Alhamis muka taru a gidan kamfanin jana'iza. Jama'a sun fi na ranar farko yawa, kuma na san ba duka ne addu'a ta kawo ba. Mai wankan kamfani, wani Balarabe mai kirki, ya sa safar hannu yana jira. Inna ta sa an ajiye mata kujera a bakin ƙofar ɗakin wanka, ta zauna ta tokare hanya. Liman ya lallaɓa ta, ya ce maƙabarta ba ta jira, in lokacin ya wuce sai an sake neman rana. Ta ce, “Malam, a sake nema.” Dattijon nan mai nama ya ce, ba a hankali ba, “Wanda ya fi kowa saninsa ya ƙi zuwa, mu mi za mu ce?”

Mai kamfani ya shigo yana nuna agogo karo na biyu ke nan, sai aka ji ƙarar sanda a kan dakali. Baba ne, da jaka a kafaɗa, ya hawo jirgin farko. Bai gaisa da kowa ba. Ya tsaya gaban Inna, ta ɗaga kai ta dube shi, ta janye kujerarta. Ya ce wa Balaraben ya gode, ya nuna ni da sanda.

“Kai, zo ka zuba mini ruwa.”

Mai wanka ba ya faɗin abin da ya gani, mai zuba ruwa ma haka. Abin da kunne ya ji kawai zan faɗa. Baba ya naɗe hannun riga, ya fito da sabulu da kafur daga jakarsa, ya yi niyya. Ya yi komai a tsanake, dama kafin hagu, yana ce mini “zuba”, “tsaya”, “zuba”. Da muka gama na miƙa hannu zan ɗauko likkafanin kamfani, ya ce in bar shi. Ya ciro wani daga jakar, ya sha ninki har ya yi layi. Nasa ne, wanda ya sayo a Makka ya ajiye wa kansa.

Da ya ɗaure ƙullin ƙarshe sai ya dafa ƙirjin Kawu, ya yi magana da shi kamar suna ɗakinsu na gidan ma'aikata.

“Malam Goge, ka ci riba. Ka riga ni, ka sami mai wanka, ni ka bar ni hannun kamfani. Haka ake yi?” Ya gyara bakin likkafanin. Ya ce, “Ban sani ba, ka ji. Ran nan na ce maka na sani. Ban sani ba. Kai da Ubangijinka.”

Muka fito, hannun rigarsa a jiƙe har gwiwa. Maza suka matso. Mai nama ya riga kowa. “Alhaji, yaya?”

Baba ya dube shi sama da ƙasa. “Yaya mi? Kai ka aike ni?”

Ya wuce su ya je gaban Inna. Ta ce, “Yaya.”

Ya ce, “Ba sharaɗi. Na duba, ban samu ba. Na wanke shi yadda da shi zai wanke ni. Na sauke.”

Ta ce, “Allah ya karɓa.”

Ya juya wajen liman ya ce a yi sahu, ya jingina sandarsa da bango, ya tsaya a na farko.

Allah ka gafarta wa Kawu abin da muka sani da abin da ba mu sani ba, ka yalwata masa kabarinsa a wannan ƙasa mai sanyi, ka ba Baban Barbès hannu mai tausayi ranar da tasa ta zo. Amin.